Masu Fasa-Ƙwaurin Littattafai Da Takardar Cefanen Waliyyi

Idan aka ambaci ƙungiyar asiri a wurinmu, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne wasu mutane masu haɗuwa da tsakar dare, masu rantsuwa da jini, masu neman dukiya ko sarauta ta hanyar da ba ta faɗuwa a bainar jama'a. Marubutan ƙagaggun labaran kimiyya na Amurka su ma ba su yi nisa da wannan ba. A cikin jerin littattafan Foundation na Isaac Asimov akwai wata ƙungiya da ta ɓuya tana juya tunanin mutane ba da saninsu ba. A cikin Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965, akwai Bene Gesserit, wasu mata da suka shafe dubban shekaru suna ƙulla aure tsakanin gidajen sarauta don a haifa musu irin mutumin da suke so. Duk waɗannan sun ɓuya ne domin akalar duniya ta zama a hannunsu. To, ƙungiyar da nake so in kawo wa mai karatu labarinta a wannan fitowa ta ɓuya ne domin ta ajiye takardu kawai, yawancinsu kuma takardun da ita kanta ba ta san abin da suke nufi ba.

Sunan littafin A Canticle for Leibowitz, wato waƙar yabo ga Leibowitz. Wani Ba'amurke ne mai suna Walter M. Miller Jr. ya rubuta shi. Ya fara fitar da shi kashi uku a wata mujallar ƙagaggun labarai a 1955 da 1956 da 1957, sa'an nan aka haɗa su littafi guda a 1959, ya kuma ci kyautar Hugo a 1961. Yana da kyau mai karatu ya san wani abu guda game da mutumin nan tun kafin mu shiga labarin. A Yaƙin Duniya na Biyu Miller sojan sama ne, mai kula da rediyo da bindigar bayan jirgi, ya yi fita sama da hamsin a sararin Italiya. Yana cikin waɗanda suka yi ruwan bama-bamai a kan Monte Cassino a watan Fabrairu na 1944, gidan zuhudun da Benedict ya kafa wajen shekarar 529, inda aka yi ƙarnoni ana kwafar littattafai da hannu. An yi sa'a an riga an kwashe tsofaffin takardun gidan zuwa Rum tun a ƙarshen 1943, amma ginin kam ya zama kufai. Bayan yaƙi Miller ya shiga ɗariƙar Katolika. Wanda ya taimaka aka rushe gidan makwafan littattafai, shi ne ya zo ya zauna ya rubuta labarin makwafan littattafai. Duk lokacin da nake karanta littafin, wannan ba ya fita daga raina.

Ga yadda labarin yake. An yi yaƙin nukiliya, wanda mutanen baya suka riƙa kira Ɗufanar Wuta. Waɗanda suka tsira suka duba suka ce ai masu ilimi ne suka jawo musu wannan bala'i, saboda haka suka tasar wa sarakuna da masana kimiyya da malaman makaranta, daga baya ma duk wanda ya iya karatu. Aka yi ta ƙone littattafai ana rataye masu su. Da masana suka kira su sakarkaru, sai suka karɓi sunan hannu bibbiyu, ya zama abin alfahari, wannan zamani kuma aka sa masa suna Sauƙaƙawa. A cikin wannan hargitsi ne wani Bayahude injiniyan lantarki, Isaac Edward Leibowitz, wanda ya yi wa soja aikin makamai, ya gudu ya fake wurin 'yan zuhudu. Ya nemi matarsa Emily har ya gaji bai gan ta ba, daga bisani ya zama limamin coci, ya nemi izini ya kafa ƙungiya.

Aikin ƙungiyar kashi biyu ne. Akwai masu fasa-ƙwauri, waɗanda ke ɗauko littattafai a ɓoye cikin ƙunshin kaya su kai hamadar kudu maso yammacin Amurka, a zuba a ganguna a binne. Akwai kuma mahaddata, waɗanda ke haddace littafi sukutum, na tarihi ne ko na kimiyya ko na adabi, don ko da an gano gangunan an ƙone. Wanda aka kama da littafi kashe shi ake yi. Shi kansa Leibowitz haka ya ƙare: wani tsohon abokin aikinsa ya tona shi, aka rufe masa kai da buhun algarara, aka rataye shi a kan wuta. Abin da ya rage bayan ƙura ta lafa bai taka kara ya karya ba, 'yan ganguna ne na littattafai da ɗan abin da aka rubuto daga bakin mahaddata. Wannan tarkace shi ne taskar ƙungiyar, shi za su yi ta kwafa suna sāke kwafa har shekara dubu da ɗaruruwa.

Kada mai karatu ya ce wannan duk shaci-faɗi ne na Bature. A 2012, da masu ɗauke da makamai suka kama Timbuktu, Abdel Kader Haidara da iyalan da ke riƙe da ɗakunan karatu na gado sun yi ta zuba tsofaffin takardu cikin akwatunan ƙarfe da dare, ana rarraba su gidaje, daga baya aka yi ta sulalewa da su zuwa Bamako, wasu a mota, wasu a kwalekwale ta Kogin Kwara. Abin da aka fitar ya haura dubu 300. Waɗanda aka ƙone a Cibiyar Ahmed Baba a watan Janairu na 2013 sun kai wajen dubu 4. Samarin da suka yi dakon akwatunan nan ba lalle ne su iya karanta abin da ke ciki ba, kuma ba wanda ya tsaya yi musu jarrabawa kafin ya ɗora musu.

Mu koma ga littafi. Kashin farko yana buɗewa ne shekara ɗari shida bayan Ɗufana. Ƙungiyar ta daina ɓuya, don ba mai farautarta kuma; ba wanda ya damu da karatu balle ya yi gaba da shi. Wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Francis, ɗan koyo a gidan zuhudun, yana halwar azumi a cikin hamada, sai wani tsoho matafiyi ya nuna masa dutsen da zai cike ginin da yake yi don tsoron kyarketai. Ɗaga dutsen ke da wuya sai ƙasa ta rufta, ga matakala zuwa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Mu masu karatu mun gane nan take cewa mafaka ce irin wadda aka riƙa ginawa don gudun ƙurar da ke zubowa bayan fashewar bam. Shi kuwa Francis, sunan wannan ƙura a wurinsa sunan wani dodo ne, don haka da ya karanta allon ƙofa sai ya ɗauka gidan dodanni goma sha biyar ya faɗo. A ciki ya tarar da ƙoƙon kan mutum mai haƙorin zinariya, da wani akwatin ƙarfe mai tsatsa. Cikin akwatin akwai 'yan ƙananan kayan gyaran rediyo, irin waɗanda bokayen tsaunuka ke ratayawa a wuya, da wasu takardu. Ɗaya takardar cefane ce: nama, da gwangwanin kabeji, da burodi, a kai wa uwargida. Ɗaya kuma zanen wayoyin lantarki ne, fararen layuka a kan shuɗiyar takarda, da sunan Leibowitz a ƙasa.

Nan ne Miller ya fi ba mutum dariya, nan ne kuma ya fi ba shi tausayi. Takardar da magidanci ya rubuta a tsaitsaye don kada ya manta da saƙon matarsa ta zama kayan tabarruki, ana taɓa ta da rawar jiki. Haƙorin zinariyar nan ma ya zama hujja a gaban malaman coci, domin shi ya nuna ƙoƙon kan na Emily ne, ya kuma tabbatar ta riga ta mutu kafin mijinta ya ɗauki alkawarin zuhudu. In ba haka ba da waliccinsa ya samu tangarɗa. Shugaban gidan, Arkos, bai yi murna da tsintuwar ba ko kaɗan. Tsoronsa kada surutun 'yan koyo, masu cewa tsohon nan waliyyin ne da kansa ya bayyana, ya sa hukumar coci ta ɗauke su mutanen banza masu ƙirƙirar karama. Saboda haka ya bar Francis a matsayin ɗan koyo har shekara bakwai, ga bulala a kai a kai.

Da aka karɓe shi daga ƙarshe, sai aka tura shi ɗakin kwafa. To, a nan akwai wani ɗan al'amari da na fi so a duk littafin. Tun kaka da kakanni, idan 'yan zuhudun nan za su kwafi irin wannan zane, sai su bi farar takarda su cike ta da shuɗin tawada kaf, su bar siraran layuka farare, domin haka suka ga na asali yake. Aikin makonni ke nan a kan takarda guda, ga ɓarnar tawada. Francis ne ya ci karo da wani yagaggen shafi da ya bayyana cewa shuɗin nan ba shi da wata ma'ana, hanya ce kawai mai araha ta buga zane da yawa a zamanin da. Wato an yi ɗaruruwan shekaru ana wahala a kan abin da ba ya cikin saƙon.

Mai karatu zai yi dariya, ni ma na yi. Amma da na sake tunani sai na ga ba su da wata hanyar da ta fi wannan. Mutumin da bai san abin da zane ke nufi ba, ta yaya zai san wane ɓangare ne saƙo, wane ne ado? Idan ya ce bari ya zubar da abin da ya ga kamar ba shi da amfani, wa ya sani ko jigon ne zai zubar? Abin da ya rage masa shi ne ya kwafe duka, da shuɗin, da ɗigon da ƙuda ya bari, da komai. Asarar tawada ita ce kuɗin da suka biya don kada su yi asarar layukan.

Mu da ke nazarin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 mun san wannan a aikace. Sau da yawa mawaƙi kan rufe waƙarsa da ramzi, wato wata kalma wadda idan aka tara lissafin haruffanta za ta ba da shekarar Hijira da aka yi waƙar. A lissafin da malamanmu suka gada daga Magrib, harafin shin 1000 ne, ra kuwa 200, shi ya sa za ka yi ta ganinsu tare a ramzin waƙoƙin zamanin jihadi. Kalmar ramzi sau da yawa ba ta da ma'ana a Hausa, ba ta da ita a Larabci. Yanzu a ɗauka waƙar ta faɗa hannun makwafa biyu. Na farko ɗan bi ne, bai san ramzi ba, ya ga kalma baƙuwa, ya ce haka na tarar, ya zana ta harafi bayan harafi. Na biyu yana da ɗan ilimi, ya ga kalmar ba ta yi masa daɗi ba, ya ce lalle wanda ya gabace ni ne ya yi kure, ya gyara ta ta koma kalma mai ma'ana. Wanne ne ya kawo mana shekarar? Na farko mana. Na biyu, da wayonsa, ya share ta har abada, kuma ya tafi yana ganin ya yi wa waƙar alheri. Malamanmu kan ce idan kwafi biyu suka saɓa, a fi sa ido a kan wanda lafazinsa ya fi wuya, domin hannun mai gyara kullum wajen sauƙi yake karkata. Tun da na fahimci wannan na rage raina mai kwafar abin da bai gane ba.

Abin tambaya shi ne, me zai sa mutum ya ƙare rayuwarsa yana kwafar abin da bai gane ba? Albashi ba zai sa ba, balle sha'awar ilimi, tun da ilimin ba ya shigarsa. A nawa ganin amsar da Miller ya bayar ita ce girmamawa. Takardun sun rayu ne saboda an ɗauke su kayan waliyyi. Camfin da muke yi wa dariya, shi ne rumbun da ya tsare irin shuka har damina ta zo. Akwai wani abokin aikin Francis mai suna Jeris da ke yawan tsokanarsa, yana tambayarsa wai zanen nan hoton mene ne. Francis ba shi da amsa sai dai ya karanta masa kan maganar da ke rubuce a jiki. Jeris ya fi shi kaifin baki, kuma tambayarsa tana kan hanya. Amma da a ce irin Jeris ne suka cika gidan tun farko, da ba a sami takarda ko ɗaya da za a yi gardama a kanta ba. Da ya zama shugaban ɗakin kwafa ma, sai ya sa Francis ya ajiye aikinsa ya koma yin marufin fitila.

Aikin da aka sa shi ya ajiye kuwa shi ne kwafin zanen nan a kan fatar ɗan rago, da zayyana irin wadda muka sani a gefen tsofaffin littattafanmu: ruwan zinariya, da rassa, da ganyaye suna nannaɗe layukan lantarki. Shekara 15 ya yi yana wannan aiki. Da aka tabbatar da waliccin Leibowitz, aka aike shi Sabuwar Rum ya kai wa Fafaroma na asalin da kwafin. A hanya ɗan fashi ya tare shi. Da ya duba takardun biyu, sai ya ɗauka mai ƙyalƙyalin ita ce ta gaske, tsohuwar mai dauɗa kuwa ita ce kwaikwayon da Francis ya ɓata shekaru a kai. Ya yi masa dariya, ya tafi da mai zinariyar, ya bar masa ta asali. Fafaroma ne ya nuna masa daga baya cewa shekarun nan 15 ba su tafi a banza ba, tun da adon ne ya ɗauke idon ɓarawo. Ya ba shi zinariya ya je ya fanso aikinsa. Francis ya koma wurin da aka tare shi ya zauna yana jira, aka harbe shi da kibiya a tsakanin idanu. Miller bai ɓata ko shafi guda wajen makoki ba, sai ya juya ga ungulayen da ke shawagi.

Kashi na biyu ya tsallaka zuwa shekarar 3174. Duniya ta fara farfaɗowa, an sami masarautu, an kuma sami masani na gaske, Thon Taddeo, ɗan'uwan Hannegan mai mulkin Texarkana. Taddeo ya so a kwaso masa takardun a kai masa birni, shugaban gidan na lokacin, Dom Paulo, ya ce wanda ke so ya karanta ya zo inda suke. Da ya zo, sai ya tarar wani ɗan zuhudu mai suna Kornhoer ya riga ya harhaɗa injin ba da wuta, 'yan koyo na juya shi da ƙarfin jiki, fitilar lantarki tana haskaka ɗakin ajiya. Don a sami inda za a rataye fitilar sai da aka sauke gicciye daga maratayinsa. Taddeo ya ji haushi ƙwarai. Yana ganin kansa mai gano sababbin abubuwa, ga shi takardu suna nuna masa cewa maimai yake yi. Ƙorafinsa shi ne an binne wannan dukiya shekara 1,200 a hannun mutanen da ba su san darajarta ba. Amsar gidan kuwa ita ce ƙofa ba ta taɓa rufuwa ba, masu karatun ne babu.

Ina ganin kowannensu yana da gaskiya, amma akwai inda Miller ya ɗan karkata. Taddeo ya tsinci wani guntun rubutu da ke maganar wasu halittu da aka ƙera don bauta suka yi wa masu ƙera su tawaye, nan da nan ya gina ra'ayi a kai cewa mutanen yanzu zuriyar waɗannan bayi ne, saboda haka ba su da hannu a laifin Ɗufana. Ashe guntun nan ƙagaggen labari ne ko wasan kwaikwayo, kuma 'yan zuhudun da yake rainawa sun daɗe da ajiye shi a rukunin abin da ake shakka. Babban masani ya yi irin kuren makwafi na biyu, ya ga abin da ransa ke so. Kuma duk iliminsa, a ƙarƙashin inuwar Hannegan yake, sarkin da ba ya karatu amma ya san yadda ake cin ƙasashe. Sojojin da suka yi masa rakiya ma auna ganuwar gidan suka yi ta yi a ɓoye suna zanawa, don ranar da za a buƙace ta. Taddeo ya karɓe zanen ya miƙa wa Dom Paulo kafin ya tafi, iyakar abin da ya iya ke nan.

Wannan ne ya kawo ni ga wurin da littafin ya fi damuna. Na yi ta yabon masu ajiya, to amma me suka ajiye? A cikin taskar nan har da ilimin da ya ƙone duniya tun farko. Leibowitz kansa maƙerin makamai ne. Sun yi dakon garwashi shekara dubu da ɗaruruwa, suka miƙa wa jikokin waɗanda suka yi gobarar farko. Wani zai ce da sun bar sakarkaru sun ƙone komai da an huta. Ni ban yarda ba, ko da yake na san maganar tana da nauyi. Zamanin Sauƙaƙawa bai rage kisa ba, kibiyar da ta kashe Francis ba ta buƙaci lissafi ko lantarki ba. Kuma mai ajiyar da ya fara zaɓen abin da ya dace jikoki su sani da wanda bai dace ba, ya bar aikin ajiya ya shiga na su Bene Gesserit. Takardar da ta haifi bam ita ce ta haifi fitilar Kornhoer, a cikin ganga ɗaya aka binne su, kuma wanda ya binne ba shi da ilimin da zai rarrabe.

Kashi na uku a shekarar 3781 yake. Akwai jiragen sama jannati, akwai injin fassara da ke ba shugaban gidan, Zerchi, ciwon kai, akwai kuma manyan ƙasashe rukuni biyu da ke nuna wa juna makaman nukiliya. Yanzu kowa ya san abin da ke cikin taskar, jami'o'i sun wuce ta nesa, ta koma abin tarihi. Amma coci ta riga ta yi shiri a asirce, ƙungiyar ta koma sana'arta ta farko. Aka ɗauki taskar duka a kan siririn fim, aka zaɓi 'yan zuhudun da suka taɓa aiki a sararin sama ƙarƙashin wani mai suna Joshua, aka haɗa su da yara da 'yan zuhudu mata da manyan limamai, za su nufi mazaunan da 'yan Adam suka kafa a wajen wasu taurari. Bam ya faɗi kusa da gidan, ginin coci ya rufto wa Zerchi. Yana kwance rabin jikinsa a danne, sai ya ga wani ƙoƙon kai ya gangaro daga kabarin da ya tsage, da guntun kibiya a goshi. Bai san ko na wane ne ba, ya dai sa masa albarka. A can bakin teku kuwa ana ta loda yara a jirgi, sararin sama ya yi ja. Ɗan zuhudun da ya shiga a ƙarshe ya tsaya a ƙofa, ya tuɓe takalmansa ya kakkaɓe ƙurarsu, sa'an nan aka rufe.